Rangwamen Harajin Gida Domin Gyaran Tsofaffin Gidaje: Bayani ga Hakimai da Malamansu na Ƙasashen Bakura, Mafara da Maradun

1. Abin da wannan ɗan littafi ya ƙunsa

An shirya wannan ɗan littafi ne domin hakimai da malaman ofisoshinsu, musamman na ƙasar Bakura da maƙwabtanta biyu, watau Talatar Mafara da Maradun. Maganar da ke cikinsa ita ce ta wata dabara wadda hukumomi na ƙasashe da dama suka jarraba, suka kuwa ga amfaninta. Dabarar ita ce a rage wa mutum harajin gidansa, ko a hana harajin hawa, bisa sharaɗin ya gyara tsohon gidan ya riƙe shi a kan sifarsa ta asali.

Garuruwan nan uku ba na jiya ba ne. A zamanin En'e ko wannensu gunduma ce a ƙarƙashin Sakkwato, da Sarkin Burmi a Bakura, da Sarkin Mafara a Talatar Mafara, da Sarkin Ƙaya a Maradun. Bakura kuwa ana lissafa ta cikin ribaɗan da aka ƙarfafa a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837. Tun ran 1 ga Oktoba, 1996, da aka yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, garuruwan suna cikin Zamfara, ko wanne da Ƙaramar Hukumarsa da masarautarsa. Gari mai irin wannan asali ba ya rasa zauruka da soraye waɗanda suka girmi duk mai rai da ke cikinsa. Su ne a ke magana a kansu.

2. Gidan ƙasa da abin da ke kashe shi

Kafin a shiga batun haraji, wajibi ne a san irin gidan da a ke so a tsare. Tsohon gidan Hausa da tubali a ke gina shi, watau curin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka shanya a rana. Rufinsa na azara ne, wadda a ke tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba. Inda ɗaki ya yi faɗi ƙwarai, gwanin magini ya kan ɗaure azara ya lanƙwasa ta cikin ƙasa, ya fid da bakan gizo ko ɗaurin guga, har rufin ya tsaya ba ginshiƙi a tsakiya. A bisa soro a kan sa rawani da zankwaye, a fid da indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin bango. Abin da ke kare bango daga ruwan sama shi ne yaɓe, ko na makuba wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa, ko na laso wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da ruwan dafara.

Irin wannan gini ya kan kai shekara ɗari ko fiye, amma fa da sharaɗi guda, shi ne a riƙa duba shi ko wace shekara. Damina a wannan yanki ta kan kama daga wajen watan Yuni zuwa Satumba. In indararo guda ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, ya jiƙa kan azara, to, kafin damina ta biyu ta wuce rufin ya lotsa. Aikin da magini ɗaya da yaransa biyu za su gama cikin kwana uku da rani, in an bar shi shekara uku sai ya zama aikin rushewa da sake gini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abubuwa huɗu ne suka fi kashe tsofaffin gidaje. Na farko, tsadar kayan aiki: giginya ta yi ƙaranci, marina da yawa sun mutu har katsi ya yi wuyar samu. Na biyu, ƙarancin magina, domin samari sun fi karkata ga aikin bulo da siminti. Na uku, rabon gado: gidan da magada goma suka haɗa, ko wanne ya kan jira ɗan'uwansa ya fara kashe kuɗi. Na huɗu, ƙaura, ko ta neman abinci ko ta rashin tsaro wanda ya dami ƙauyukan Zamfara tun wajen 2011. Gidan ƙasa in ba kowa a ciki ba ya daɗewa a tsaye.

3. Yadda haraji ya ke a da

Dattawan hakimai sun san tsarin da ya gabata, amma ya kyautu a maimaita shi don malamai matasa. Turawa sun ci Sakkwato cikin Maris, 1903. A 1906 Gwamna Lugga ya kafa dokar da ta tattara kuɗaɗen da talakawa ke biya iri iri, ta mai da su haraji guda, tare da jangali a kan shanu. Wajen 1911 aka shimfiɗa tsarin Baitulmali a masarautu, aka yanka wa sarakuna da hakimai albashi. Yadda a ke yi shi ne, a ƙiyasta abin da gari zai iya biya, dagaci da dattawa su rarraba shi a kan magidanta gwargwadon ƙarfin ko wanne, malamin hakimi ya rubuta, ya yanka rasit, a kai kuɗi wurin Ma'aji.

Abin lura a nan shi ne, wancan haraji a kan mutum da samunsa ya ke, ba a kan ginin gidansa ba. Sa'an nan a 1976 aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi garambawul, ikon da En'e ke riƙe da shi ya koma hannun majalisun Ƙananan Hukumomi. A 1979 kuma gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a jihohinsu. Sabo da haka hakimi na yau ba shi ne mai ikon sa haraji ko yafe shi ba. Amma sanin gari gida gida, wanda tsohon tsarin ya koya wa ofishinsa, yana nan, kuma shi ne jarin da wannan aiki ke bukata.

4. Harajin gida, da wanda ke da iko a kansa

Kuɗi iri biyu ne suka shafi gida kai tsaye. Na ɗaya shi ne harajin gida, wanda a ke ɗora wa gini gwargwadon darajarsa. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, cikin jadawalinsa na huɗu, ya sa ƙiyasta gidajen mutane domin wannan haraji cikin ayyukan Ƙaramar Hukuma, amma ya ce Majalisar Dokokin Jiha ce za ta ƙayyade abin da za a karɓa. Na biyu shi ne kuɗin fili na shekara shekara, wanda mai takardar shaidar mallaka ke biyan Gwamnatin Jiha, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978.

Daga wannan za a gane cewa rangwame ba abu ne da shugaban Ƙaramar Hukuma zai yi da baki ba, balle hakimi. Hanyarsa ita ce ta Majalisar Dokoki da ke Gusau. Keɓe waɗansu gine-gine daga harajin gida kuwa ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. Dokar harajin filaye da gidaje ta Jihar Legas, wadda aka fara kafawa a 2001, ta keɓe wuraren ibada da maƙabartu da fadojin sarakunan da Gwamnati ta amince da su. In doka ta iya keɓe fada don darajarta, za ta iya sauƙaƙa wa tsohon soro don tarihinsa.

5. Yadda haraji ke gyara gida ko ya ɓata shi

Wani zai ce, ina ruwan haraji da yaɓen bango? Tarihin Ingila ya ba da amsa. A 1696 aka sa haraji a can gwargwadon yawan tagogin gida. Masu gidaje da yawa sai suka toshe tagoginsu da bulo, talakawa suka zauna cikin duhu da rashin iska, har likitoci suka yi ta kuka. Ba a soke wannan haraji ba sai a 1851, kuma har yau ana ganin tsofaffin gidaje a Ingila da gurbin taga a liƙe. Mutum ya kan gina gidansa ne da ido ɗaya a kan mai karɓar haraji.

Harajin da ke bin darajar gida yana da irin wannan illa ga tsohon gini. Wanda ya bar gidansa ya lalace, darajar gidan ta faɗi, harajinsa ya ragu. Wanda ya kashe dukiyarsa ya gyara, darajar ta hau, harajinsa ya ƙaru. Watau ke nan doka ta saka wa mai sakaci, ta ci tarar mai himma, alhali ba haka mai dokar ya nufa ba. Rangwamen da a ke magana a kai an ƙirƙiro shi ne don a juya wannan al'amari.

6. Hanyoyi uku da aka jarraba

Hanya ta farko ita ce ta *ƙulla yarjejeniya*. A Jihar Kalifoniya ta Amurka an kafa wata doka a 1972, wadda a ke kira da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, James Mills. Mai tsohon gida ya kan sa hannu a takarda shi da hukumar garinsu, ta shekara goma, cewa zai gyara gidan ya kuma kiyaye shi. Ita kuma hukuma ta sake ƙiyasta gidan ta wata hanya mai sauƙi, haraji ya sauka. Ko wace shekara takardar ta kan ƙara wa kanta shekara guda, sai in wani ɓangare ya ce ya fasa. In an sayar da gidan, yarjejeniyar ta bi shi zuwa hannun sabon mai shi. Ana zuwa duba gida lokaci lokaci, wanda kuwa ya saɓa alkawari har aka soke takardarsa, zai biya tarar kashi 12 da rabi cikin 100 na darajar gidan. Ba a tilasta wa ko wane gari shiga wannan tsari ba, majalisar garin ce ke zaɓa.

Hanya ta biyu ita ce ta *tsai da ƙiyasi*. A Jihar Ilinoyi, ita ma a Amurka, wanda ke zaune cikin tsohon gidansa mai rajista, in ya kashe aƙalla rubu'in darajar gidan wajen gyara, a kan tsai da ƙiyasin harajinsa yadda ya ke kafin gyaran har shekara 8, sa'an nan a riƙa ɗaga shi kaɗan kaɗan cikin shekara 4. Kyawun wannan hanya shi ne hukuma ba ta rasa abin da ta saba karɓa, ƙari ne kawai ta jinkirta.

Hanya ta uku ita ce ta *cire kuɗin gyara daga harajin samu*. Faransa ta bi wannan bayan dokar da Ministan Al'adu André Malraux ya kawo a 1962, wadda ta keɓe tsofaffin unguwanni ɗungum, ba gida ɗai ɗai ba. Gwamnatin Tarayyar Amurka kuma ta fara nata a 1976, tun 1986 kuwa abin da ta ke ragewa shi ne kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara, amma ga ginin da ke kawo kuɗi kaɗai, kamar na haya ko kanti. Wannan hanya ta fi amfanar attajiri mai biyan haraji mai yawa. Manomin da ya gaji zauren kakansa ba zai ga kome a cikinta ba.

Duk hanyoyin uku sun taru a kan abu guda: ba a ba da rangwame don gida ya tsufa, ana bayarwa ne don an yi aiki, kuma akwai mai zuwa ya gani da idonsa.

7. Misalin lissafi

Ga misali, ba na wani gida sananne ba, don malamai su ga yadda lissafin ke tafiya. A ɗauka wani gida ana karɓar masa harajin Naira 10,000 a shekara. Mai shi ya gyara zaure da soro, aka sake ƙiyasi, haraji ya koma Naira 16,000.

In ba rangwame, cikin shekara goma zai biya Naira 160,000.

In an tsai da ƙiyasi shekara goma, zai biya Naira 100,000. Ya tsira da Naira 60,000, hukuma kuma ba ta rasa kobo daga abin da ta saba samu ba.

In an yafe masa rabin sabon ƙiyasi bisa yarjejeniya, zai biya Naira 80,000. Ya tsira da Naira 80,000, hukuma ta rasa Naira 20,000 daga abin da ta saba samu cikin shekarun goma.

In kuwa gidan ya rushe ya zama kango a shekara ta uku, hukuma ba ta da ginin da za ta ƙiyasta a sauran shekara bakwai.

Wannan lissafi ya nuna wani abu kuma wanda bai kamata a ɓoye ba. Inda harajin gida kaɗan ne, ko ba a cika karɓarsa ba, kamar yadda ya ke a garuruwan karkara da yawa, yafe shi ba zai sayi azarar ɗaki guda ba. A irin wannan wuri rangwamen haraji shi kaɗai ba ya isa, sai an haɗa shi da abin da mai gida zai ji a jikinsa. Ana iya yafe masa kuɗin yankan takardar shaidar mallaka, abin da magidanta da yawa ke so amma tsada ta hana su. Ana iya yafe kuɗin lasin kanti ga wanda ya gyara tsohon zaure yana sana'a a ciki. Ana iya keɓe wurin ɗiban ƙasar gini kusa da gari, a kuma dasa giginya da ɗorawa a filayen hukuma don masu zuwa.

8. Dokar kayan tarihi da iyakarta

Nijeriya ta daɗe da dokar tsare gine-ginen tarihi. An kafa ta farko a 1953, a 1979 kuma aka maye gurbinta da wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. A ƙarƙashin dokar farko ne aka ayyana Gidan Makama da ganuwar Kano da Hasumiyar Gobarau ta Katsina a 1959, da kangon birnin Surame na Kanta a 1964. Ginin da aka ayyana ba a rushe shi ko a sāke masa sifa sai da iznin Hukumar.

Amma wannan doka ta manyan wurare ce 'yan kaɗan, kuma ƙarfinta a hani ya ke. Hani yana tsai da mai gatari, ba ya tsai da ruwan sama. Birnin Jenne na ƙasar Mali ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 1988, masallacinsa kuwa jama'ar gari ke taruwa su yaɓe shi duk shekara. Duk da haka masu gidaje a can sun yi ta ƙorafi cewa an hana su sāke gidajensu yadda za su ji daɗin zama, nauyin gyara kuma yana kansu. Tsohon birnin Agadas a Nijar shi ma ya shiga wannan jeri a 2013. Darasin da ke ciki shi ne, in jama'a duka ke alfahari da gini, bai kamata a bar wa mutum ɗaya ɗawainiyarsa ba. Rangwamen haraji shi ne rabon jama'a cikin wannan ɗawainiya.

Kada kuma a ɗauka ginin ƙasa sana'a ce da ta mutu. Masallacin garin Yama, a Jihar Tawa ta Nijar, wani magini Bahaushe mai suna Falke Barmu ya fara gina shi da ƙasa a 1962, a 1986 kuwa ya sami lambar yabo ta Aga Khan, wadda a ke ba fitattun gine-gine na ƙasashen Musulmi.

9. Wane gida ne ya cancanta

In an buɗe ƙofar rangwame ba da ƙa'ida ba, kowa zai ce gidansa na tarihi ne. Ƙa'idodin da suka dace da wannan yanki su ne kamar haka:

(a) Tsufa: a sami dattawa biyu ko uku amintattu su shaida zamanin sarkin da aka gina shi.

(b) Gwaninta: ɗaurin guga, ko bakan gizo, ko zanen bango, ko tsohon ƙyaure, wanda ba a cika samun irinsa ba yanzu.

(c) Labari: gidan da wani malami ya karantar a zaurensa, ko inda alƙali ya yi shari'a, ko masaukin fatake, ko gidan sarautar wata sana'a kamar ƙira ko rini ko gini.

(d) Saura: a ce mafi yawan ginin asali yana tsaye. Kangon da aka share aka yi sabon gini a kai ba ya cikin lissafi.

Ba dole ne rangwame ya game gida duka ba. Sau da yawa abin tarihin shi ne zaure da shigifa da soron maigida da katangar da ke fuskantar hanya. Cikin gida kuwa, iyali suna da haƙƙin su gina makewayi na zamani, su ja ruwa da lantarki, su buɗe taga don iska. Tsarin da ya hana mata da yara jin daɗin gidansu ba zai sami karɓuwa ba.

Gyaran da a ke nufi shi ne a mai da iri a gurbin irinsa: ƙasa a gurbin ƙasa, azara a gurbin azara. A yi hattara ƙwarai da shafa siminti a kan bangon ƙasa. Da fari ya kan yi kyau a ido, amma in ya tsage ruwa ya shiga bayansa ba ya samun mafita, ƙasa ta yi ta ruɓewa a ɓoye, ran nan sai ɓawon siminti ya zubo da rabin bango.

10. Aikin hakimi da malaminsa

Ko kafin a yi wata doka, akwai aikin da ofishin hakimi zai iya farawa ba da kuɗi mai yawa ba, shi ne buɗe rajistar tsofaffin gidaje. Ko wane gida a ba shi shafi guda, a rubuta waɗannan abubuwa:

1. Lambar gida, da unguwa, da sunan mai unguwa da dagaci.
2. Sunan mai gida. In na gado ne ba a raba ba, a rubuta magada duka da wanda suka wakilta.
3. Wanda ya gina shi da zamanin ginin, da sunayen dattawan da suka shaida.
4. Awon tsawo da faɗi na ko wane ɗaki mai tarihi, da irin rufinsa.
5. Halin da ginin ke ciki: lafiyayye, ko mai bukatar yaɓe, ko mai bukatar sabon rufi, ko wanda ke gab da faɗuwa.
6. Hoto daga fuska huɗu, da kwanan watan da aka ɗauka. Wayar hannu ta isa wannan aiki.

Lokacin zagayen dubawa shi ne bayan kaka, sa'ad da ɓarnar damina ta bayyana, hannun manoma kuma ya sami ɗan abin kashewa. A koma zagaye na biyu kafin ruwan farko, a ga abin da aka gyara. Ya kamata Sarkin Magina, ko wani dattijon magini inda babu wannan sarauta, ya kasance cikin masu zagayen, domin shi ne zai bambanta gyaran gaskiya da shafe na ganin ido. A yi rajistar kofi biyu, ɗaya a ofishin hakimi, ɗaya a aika fadar Sarki don a miƙa wa Ƙaramar Hukuma.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu muhimmancin rubutu na gaskiya a kan dukiya. Sa'ad da aka gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato cikin shekarun 1970, saɓanin da aka samu kan diyyar gonaki da gidaje da itatuwa ya kai ga tashin hankalin Afrilu, 1980, inda aka yi asarar rayuka. Rajistar da aka yi a gaban jama'a, aka karanta a bainar dattawa, tana kashe gardama tun ba ta tashi ba.

Hakimi yana da wani aiki kuma wanda ba mai iya yi sai shi, watau sulhu tsakanin magada. Gidan da ba a san mai ɗaukar nauyinsa ba, ba wanda zai sa hannu a yarjejeniya dominsa. Hakimi na iya tara magada su wakilta mutum ɗaya, ko waɗansu su sayi rabon waɗansu, ko kuwa, in sun yarda, su mai da zauren waƙafi don karatu, su nemi shawarar Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jiha a kan yadda za a rubuta shi.

11. Abubuwan da za a kiyaye

Na farko, son kai. In ya zamana gidajen sarauta da na attajirai kaɗai suka shiga rajista, talakawa za su ce dabara ce ta manya su kuɓuta daga haraji, tsarin kuwa ya mutu tun a haihuwa. Zauren maƙeri da na malamin allo su shiga tare da na basarake, hakimi kuma kada ya zama mai duba gidan kansa.

Na biyu, tsoron rubutu. Talaka bai manta ba cewa a da in malamin hakimi ya zo da alƙalami, haraji ne ke biye. Sai an yi bayani a fili, a masallaci da kasuwa, cewa shiga rajista ganin dama ne, ba ya ƙwace gida, ba ya hana sayarwa ko gado.

Na uku, rangwame ba aiki. Wanda ya karɓi sauƙi shekara biyu bai taɓa bango ba, a gargaɗe shi a rubuce, in ya ƙi a cire shi, ya biya abin da aka yafe masa.

Na huɗu, asusun Ƙaramar Hukuma. Abin da aka yafe wa wani, daga kuɗin rijiya da asibiti da makaranta ya fito. Don haka ya kyautu a ƙayyade yawan gidajen da za a karɓa ko wace shekara, a fara da waɗanda ke gab da faɗuwa.

12. Taƙaitawa

Ikon yin dokar rangwame yana hannun Majalisar Dokokin Jiha, ƙiyasi da karɓa suna hannun Ƙaramar Hukuma, gyara yana hannun mai gida da magini. Amma ba ɗaya daga cikinsu da zai iya motsawa sai an san gidajen da a ke magana a kansu, nawa ne, ina su ke, na wane ne, kuma wane hali su ke ciki. Wannan sani a ofishin hakimi ya ke. Gundumar da ta riga ta shirya rajistarta ita ce za ta iya kai wa Sarki da majalisa magana mai hujja. Ana fatan hakimai za su umurci malamansu su fara zagayen farko da zarar an gama kaka, domin gidan da ya faɗi kafin a rubuta shi, ba rangwamen da zai tashe shi.